Ɗana ya farfaɗo daga doguwar suma, amma bai dawo yadda yake ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani gari cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, jihar Bauchi. Ɗana na fari, ɗan shekara 4, ya kamu da zazzaɓi a watan Satumba. Na saya masa magani a kemis, jikin ya yi sanyi ya sake ɗaukar zafi. A kwana na uku ya fara jijjiga. Uwar mijina ta yi masa hayaƙi da tofi, muka kwana a haka, sai da safe aka kai shi asibiti, daga can aka tura mu Bauchi. Ya yi kwana uku bai san inda kansa yake ba. An ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. An yi masa allurai, an ƙara masa jini, an ɗebi ruwa a bayansa. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma da ya farka ba ya magana, ba ya gani, hannunsa da ƙafarsa na hagu ba sa aiki. Yanzu wata huɗu ke nan. Ganin ya dawo, yana tafiya yana jan ƙafa, magana sai kalma ɗaya-ɗaya. Ya zama mafaɗaci, ga duka ga cizo. Abin da ya fi tayar min da hankali, sau biyu a watan nan yana faɗuwa yana jijjiga, jikinsa kuwa babu zafi ko kaɗan. Uwar mijina ta ce iska ce, kuma ruwan da aka ɗiba a bayansa ne ya nakasa shi, don haka ba za a koma asibiti ba. Abokiyar zamana ta hana 'ya'yanta cin abinci tare da shi. Maigida ya taɓa cewa da na gaya masa da wuri da ba a kai ga haka ba. Ɗan fari ne, ina jin nauyin yin magana a kansa gaban uwar mijina. Laifina ne? Zai warke? Ina zan nufa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaron nan lafiya mai ɗorewa, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, domin ita ce ba ta jira: asibiti za ki nufa, kuma cikin makon nan. Yaron da ya yi doguwar suma saboda zazzaɓin cizon sauro, sannan bayan watanni ya faɗi yana jijjiga har sau biyu babu zazzaɓi, likitan yara ne ya kamata ya gan shi. Abin da na fi zato shi ne farfaɗiya ce ta biyo bayan raunin da ƙwaƙwalwarsa ta samu. Na san sunan yana da nauyi a kunne, kuma wanda ya duba shi ido da ido ne zai tabbatar. Amma gara ki ji tun yanzu, ki kuma ji sauran zancen: farfaɗiya tana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu ita za su iya daina faɗuwa idan an gano ta, aka ɗora su a kan maganin da ya dace.

Bari in gaya miki abin da ya faru a jikinsa, don sai kin fahimce shi za ki iya tsayawa ki yi bayani a gida. Ƙwayar cutar da sauro ke zuba wa mutum iri-iri ce, amma wadda ta fi yawa a ƙasarmu, kuma ta fi kisa, ita ce wadda likitoci ke kira falsifarom. Hanta take fara sauka, ta hayayyafa a can, sannan ta fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini. Mugun halinta shi ne duk ƙwayar jinin da ta shiga sai ta yi danƙo, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyin jini waɗanda suka fi silin gashi siranta. Idan hakan ta faru a ƙwaƙwalwa, jini ba ya gudu yadda ya kamata, iskar numfashi da abinci ba sa isa inda ake buƙatarsu. Ki duba lambun rani: idan magudana ta toshe, fangalin da ke bayanta ne ke yin yaushi. In an buɗe hanya, wata shukar ta miƙe nan da nan, wata ta daɗe kafin ta farfaɗo, wata kuwa ta riga ta ƙone. Ga kuma kumburi, alhali ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba da wuri. A wani bincike da aka yi a ƙasar Malawi, aka wallafa a 2015, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara masu wannan ciwo, aka tarar mafi yawan waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai. A kan wannan sai sikarin jini ya faɗi saboda yaro ba ya cin komai, jini ya ƙare saboda cutar tana farfasa shi, jijjiga kuma ta yi ta maimaituwa. Kowanne daga cikinsu yana ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni.

Ƙwaƙwalwa kuwa kowane sashe da aikinsa. Ƙeya ce ke kula da gani, shi ya sa yaro zai farka idonsa garau, babu jini babu tabo, amma ba ya ganin komai. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki, don haka hannu da ƙafar ɗanki na hagu suna nuna inda raunin ya fi tsanani. Duk abin da kika lissafa a wasiƙarki, har faɗan da cizon, sananne ne a wajen masu kula da yaran da suka tashi daga wannan ciwo.

Jijjigar yara ba iri ɗaya ba ce, kuma rashin bambance su ne ke jawo mana asara. Akwai wadda zafin jiki kawai ke kawo wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, wadda iyayenmu ke kira taune-taune. Takan zo ta wuce cikin 'yan mintuna, yaro ya yi barci, ya farka ya gane uwarsa. Ita ce ta sa kakanni ke cewa a bar shi zai dawo, kuma ba ƙarya suke yi ba, sun sha ganin ya dawo. Akwai kuma irin wadda ɗanki ya yi a watan Satumba, wadda cutar ce da kanta ta kai ƙwaƙwalwa: ta maimaitu fiye da sau biyu cikin awa 24, ko ta ƙi tsayawa, ko yaro ya wuce rabin awa bayan ta lafa bai dawo hayyacinsa ba. Wani lokaci ma ba a ganin fizge-fizge. A ɗakin yara na sha tsayawa a kan yaron da uwa ke cewa alhamdulillahi ya samu barci, alhali idonsa ya karkata gefe guda, gefen bakinsa na motsi kaɗan-kaɗan, yatsa ɗaya na harbawa, miyau na zuba, numfashi na sarƙewa. Jijjiga ce yake yi a kwance shiru. A gida babu mai iya raba ta farko da ta biyu a mintunan farko, shi ya sa duk jijjigar da ta zo da zazzaɓi ta asibiti ce, a daren, ba sai gari ya waye ba. Ta uku ita ce ta yanzu. Inda ƙwaƙwalwa ta ji rauni yakan bar tabo, tabon kuma yakan tayar da saƙonni barkatai lokaci zuwa lokaci, sai jiki ya kama karkarwa babu zazzaɓi. A Kenya da Malawi, inda aka bi sawun irin waɗannan yara bayan sallama, an samu kusan 1 cikin 10 da farfaɗiya, kuma sau da yawa sai bayan watanni take bayyana, lokacin da iyaye suka ɗauka an gama.

Zancen ruwan baya ina so in tsaya a kansa, domin wannan zargi ya hana yara da yawa samun taimako. Yaron da ya zo da zazzaɓi da jijjiga da suma, zai iya zama cizon sauro, zai iya zama sanƙarau, kuma jiharmu tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla. Da ido ba a raba su, ga shi kowanne da maganinsa. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗebi ɗan ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da lakar baya a auna. Abin da ake ɗiba bai taka kara ya karya ba, jiki yana mayar da shi cikin 'yan awanni, kuma ana soka allurar ne can ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare. Ki yi wa kanki wannan tambaya: allurar da ta shiga ƙugu, me ya haɗa ta da ido da harshe da hannu? Gaskiya ne allurar ɗuwawu da wanda bai iya ba ya yi takan taɓa jijiya ta raunana ƙafa, amma ƙafar nan kaɗai. Na ɗanki daga kai ya sauko. Alluran da aka yi masa ta jijiya kuwa, mai yiwuwa atesunet ce, wadda ake yi da zuwa, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, sannan kullum har yaro ya iya haɗiyar ƙwaya. A 2010 aka fitar da sakamakon babban gwaji a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, a kan yara 5,425, aka ga ta rage mace-mace da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon maganin da ake kira kwinin. Da ikon Allah, waɗannan alluran da jinin da aka ƙara masa su ne sanadin da yake yawo a tsakar gidanku yau.

Laifinki ne? Ba zan rufe ki ba, jinkiri yana da illa a wannan ciwo, kuma daren da kuka kwana da shi a gida da an yi shi a asibiti da ya fi. Amma ki dubi abin da idon adalci. Ke kika ga zazzaɓin, ke kika nemi magani da abin da ke hannunki, kamar yadda kusan kowace uwa a garinku za ta yi. Maganin saukar da zafi irin farasitamol yana sanyaya jiki ya bar cutar tana cin jini, shi ya sa kika ga kamar ya samu sauƙi. Daren jijjigar kuma ba ke kaɗai ce a gidan ba, kuma ba ke ke da ikon cewa a tayar da mota ba. Ciwon nan yakan kai yaro daga wasa zuwa suma cikin kwana biyu ko uku. Ko a asibiti, da magani da komai, yara 15 zuwa 20 cikin 100 da ya kai wa ƙwaƙwalwa ba sa tashi. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ke kashewa a duniya, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ke cinye 'ya'yan ƙasa guda haka ba sakacin mace ɗaya ba ne. Maganar maigida ta yi miki ciwo, na gane, kuma ina zaton shi ma zuciyarsa ce ke tuhumarsa ya rasa inda zai sauke. Kada ki ɓata ƙarfinki wajen tantance wa ya yi jinkiri a watan Satumba. Jinkirin da ke gabanku yanzu shi ne wanda za a iya hanawa.

Ki koma asibitin da aka kwantar da shi, da katinsa da takardar sallama, domin tarihinsa yana can. Ki ce a haɗa ki da likitan yara. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi yana da sashen yara da sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓin da suka raunana. Masu karatu na ɓangaren Katagum suna da asibitin tarayya a Azare, na Gombe kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya. Likita ba zai ga faɗuwar da idonsa ba, da bakinki zai gan ta, don haka ki shirya amsa: wace rana, da wane lokaci, yana barci ko yana wasa, daga wane gefe karkarwar ta fara, ina idonsa ya juya, minti nawa ta ɗauka, ya yi fitsari ko ya ciji harshe, yaya ya kasance bayan ya farfaɗo. Idan ta sake zuwa kafin ku tafi, wani ya ɗauki bidiyo da waya yayin da kike kula da shi. Minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon bayani amfani a wajen likita. Ki lura kuma da ƙananan alamu, kamar ya ƙura ido yana tauna baki, ki kira shi bai ji ba, sannan ya dawo kamar ba abin da ya faru. Mai yiwuwa a sa ku yi awon da ake manna wayoyi a fatar kai don duba yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Ba ya zafi, ba ya zuba wa yaro komai. Ki roƙa a sake auna jininsa, a kuma duba jinsa, don wani yaron rashin ji ne ke riƙe masa magana ba a sani ba.

Idan aka ɗora shi a kan magani, ga inda iyaye suka fi yin tuntuɓe. Maganin farfaɗiya kullum ake sha, a lokaci guda, ko yaro ya yi wata shida bai faɗi ba. Rashin faɗuwar aikin maganin ne. Wanda ya tsayar da shi farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ta fi ta da muni, wadda ba ta tsayawa sai an kai ga asibiti. Yawanci sai yaro ya yi kamar shekara 2 bai faɗi ba likita ke fara tunanin ragewa, a hankali. Da nauyin yaro ake auna shi, don haka yana girma ana gyarawa, kuma ba a aron na maƙwabta ko a saya a kemis da ka. Ki gaya wa likita gaskiyar aljihunku tun farko, ya zaɓa muku wanda za ku iya saye kowane wata, kuma kada ki bari ya ƙare kafin ki nemi wani. Cikin magungunan farfaɗiya, finobabiton yana da araha, amma yakan ƙara wa wasu yara ƙiriniya da faɗa, don haka ki ambaci halin da ɗanki yake ciki. Kabamazafin kuma idan ya fito wa yaro da ƙuraje, ko baki da ido suka yi ja suna ciwo, a koma asibiti a ranar. Wasu daga cikin magungunan nan suna rage ƙarfin maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda haka duk inda aka kai shi da zazzaɓi, ki nuna musu abin da yake sha.

Lokacin da ya faɗi, aikinki kaɗan ne, amma sai da dakiya. Ki janye shi daga wuta da ruwa da duk abin da zai ji masa ciwo, ki sa zani a ƙarƙashin kansa, ki kwantar da shi a gefensa don miyau ya zubo waje, ki sassauta rigarsa, ki duba agogo. Kada a danne shi. Kada a sa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma na ga yaron da aka kawo da haƙoran gaba biyu a karye, dasashi na jini, saboda cokalin da aka tura masa don a cece shi. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja ko jiƙo yana cikin wannan hali, domin huhu suke wucewa. Kada a turnuƙe shi da hayaƙi, yaron da numfashi ke yi wa wuya iska mai kyau yake nema. Kada a kai ƙafarsa kusa da wuta, kada a zuba masa komai a ido. Yawanci cikin minti biyu ko uku take lafawa. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ta zo da zazzaɓi, a ɗauke shi sai asibiti.

Yanzu lokacin sanyi ne, yara na zagaye murhu da kaskon wuta suna jin ɗumi, kuma ƙuna tana cikin abin da ya fi nakasa masu farfaɗiya. Kada ya zauna bakin wuta sai da babba a gefensa. A rufe rijiya da randa da duk wani baho mai ruwa, kada a bar shi ya yi wanka shi kaɗai, kada ya bi yara rafi ko kududdufi, hawan bishiya da katanga kuma a dakata. Ban da waɗannan, a bar shi ya yi wasansa. Kulle shi a ɗaki ba zai hana faɗuwa ba, sai dai ya hana shi koyon magana.

Zai warke? Warkewa ta Allah ce, kuma ba zan yi miki alkawarin zai koma daidai yadda yake ba. Amma abin da kika rubuto yana da daɗin ji. Yaron da ya farka ba gani, ba magana, ba tafiya, cikin wata huɗu ya ga, ya taka, ya fara furta kalmomi, ƙwaƙwalwarsa tana gyara kanta ke nan, kuma ta yara ta fi ta manya iya wannan. Mafi yawan ci gaban a watannin farko zuwa shekara ake samunsa, wato kuna tsakiyar lokacin. Shi ya sa nake matsa miki. Jijjigar da ba a tsayar ba tana mayar da hannun agogo baya, gaɓar da ba a motsa ba kuma tana sandarewa. A sashen gashi za su koya miki yadda za ki riƙa miƙe masa yatsu da gwiwar hannu da agara, kuma yawancin aikin a gida za ki yi shi. Ki riƙa miƙa masa abin da yake so ta hagu. Ki ɗora dabino ko ƙuli-ƙuli a tafin hannunki, ki riƙe damansa cikin wasa, ki bar hagun ya yi ta lalube har ya ɗauka, ko zai faɗi sau goma. Ya kama kofi da hannu biyu, ya tura ƙwallo da ƙafar da yake ja. Magana kuma ki durƙusa daidai fuskarsa, ki faɗi sunan abin da ke hannunki, kunu, ruwa, takalmi, ki jira shi ya gwada kafin ki ba shi. Ki yi masa waƙa da tatsuniya, ki karanta masa gajerun surori yana bin ƙarshen aya.

Faɗan da cizon ba rashin tarbiyya ba ne. Wani ɓangare daga raunin ne, wani kuma takaicin yaron da ke da abin faɗa a ransa bakinsa ya ƙi. Duka ba ya gyara wannan, ƙara shi yake yi. Idan ya ɗaga hannu ki riƙe shi, ki ce a'a da murya ɗaya, ki janye shi gefe har ya huce. Ya samu isasshen barci, don rashin barci yana tayar da faɗa, yana kuma tayar da farfaɗiya. In ya isa makaranta a sa shi, ta boko da ta allo, a kuma gaya wa malamai halinsa. Kusan 1 cikin 4 na yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa sukan samu wahalar riƙe karatu ko tattara hankali, kuma malamin da bai sani ba zai ɗauka daƙiƙanci ne ya sa bulala.

Abokiyar zamanki tsoro ne ke damunta, irin wanda aka gada cewa miyau ko kumfar bakin mai farfaɗiya na yaɗa ciwon. Ba ya yaɗuwa, ko ta miyau, ko ta kwano, ko ta shimfiɗa. Abin da zai iya kama 'ya'yanta shi ne abin da ya kama naki, wato sauron da ke kwana tare da ku duka. Ki gaya mata haka cikin lumana, in ya yiwu ma'aikaciyar asibitin garinku ta faɗa mata da bakinta. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wata mata mai farfaɗiya ta je wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saurare ta, ya yi mata addu'a, kuma Ibn Abbas ya nuna ta a matsayin 'yar Aljanna. Babu wanda ya guje ta.

Uwar mijinki kuwa jikanta take so, kada ki manta da wannan ko da ranki ya ɓaci. Kada ki je mata da cewa ta yi kuskure. Ki bar mata abin da ba ya cutarwa, addu'a da tofi da sadaka da karatun Alƙur'ani a kansa, ki ma roƙe ta ta ƙara. Abin da za a daina shi ne hayaƙi, da tsaga, da ɗura jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da hana shi maganin likita. Neman magani umarnin Manzon Allah ne, kuma malamin kirki ba zai ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Ta hannun ɗanta za ki bi. Ki samu maigida shi kaɗai, lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa wannan amsa, ki nemi abu biyu kawai: izini da kuɗin mota. Ki roƙe shi ya raka ku, in da hali a tafi da ita ma, ta yi wa likita tambayar ruwan bayan da kanta. Tsofaffi da yawa sukan sauko idan aka girmama su aka yi musu bayani. Idan duk an ƙi, ki kai maganar ga mahaifinki ko waliyyinki, ko limamin unguwa, ko wani dattijo da maigida ke jin nauyinsa. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce mai kyau, ba na raina ta. Ki ci gaba da ɓoye sunansa in kina so, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu wanda ya san yadda yake faɗuwa kamar ke, babu kuma wanda zai tuna da maganinsa safe da dare kamar ke.

Abu na ƙarshe, yin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani sau ɗaya ba ya hana shi dawowa, kuma ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ba ta buƙatar na biyu. Ya kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, rani da damina, a soke gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Idan damina ta faɗi, masu rabon maganin rigakafi na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 suna bi gida-gida a jihar Bauchi. Muddin bai cika shekara 5 ba a karɓa masa, a gaya musu maganin da yake sha, kuma a ba shi na kwana na biyu da na uku da suke bari a hannunki, don nan ne aka fi sakaci. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta fara a Najeriya a Disambar 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa, ga jarirai daga wata 5. Shi ya wuce shekarunta, amma in kina da goyo ki tambaya a wajen awo. Duk zazzaɓin da ya taɓa shi daga yau, a auna jininsa a ranar, awon ɗan yatsa ne na minti 15 zuwa 20. In an samu cutar a ba shi maganin kwana uku har ya ƙare, tare da abinci ko madara, ko da jikin ya yi sanyi tun a rana ta farko. In kuwa ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya kasa zama, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi baƙi, ko numfashi na yi masa wuya, ba a jiran safiya. Wannan ya shafi kowane yaro a gidan, naki da na abokiyar zamanki.

Ranar tafiya ki haɗa katin asibiti, da takardar sallama, da kwalayen duk magungunan da ya sha tun daga watan Satumba, har da na gargajiya, da takardar da kika rubuta ranakun faɗuwarsa. Ku yi sammako, domin layin ganin likitan yara yana da tsawo, ki kuma riƙe masa abin da zai ci. Bayan kun dawo ki sake rubuto min sunan maganin da aka ba shi da abin da masu gashi suka ce, mu ga yadda za ki tsara su cikin aikin gida.